Muryar Maman Ɗigo

Shekara tara ina wanke waƙoƙin maza. Kar ku yi dariya, haka muke kiran aikin a situdiyo: wanki. Mawaƙin hip-hop zai gama zuba ashariyarsa a makirfo, a haɗa da kiɗa, sannan a miƙo mini in cire duk kalmar da gidan rediyo ba zai saka ba. Akwai takarda manne a bango gefen kwamfutata, kalma arba'in da ɗaya ce a jikinta. Duk inda na ji ɗaya sai in datse ta, in bar kiɗa ya rufe gurbin. Shi ya sa kowa a wurin, har mai shara, Almakashi yake ce mini.

A takardar nan akwai zagin uwa, akwai sunayen ƙwayoyi, akwai na bindiga. Amma a ce mace tasi ce, kowa ya tsayar ya hau, wannan ba ya ciki. A ce tabarmar ƙofa ce ta share ƙafa, shi ma ba ya ciki. To ni ma sai in bar shi ya wuce. Ba zan yi muku ƙarya ba, irin waɗannan baitoci sun fi dubu da suka bi ta ƙarƙashin hannuna, har ina gyara musu sauti su fito tangaram. Nakan ce wa kaina ni ma'aikaciya ce, ba alƙaliya ba. Ai ruwan da ya dake ka shi ne ruwa, ni kuwa lokacin bai dake ni ba.

Babban mawaƙin situdiyonmu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A gari Tsawa suke ce masa, yara suna aske kai irin nasa. A gida kuwa Auta ne, wanda har ya shekara bakwai in ya ga ƙadangare sai ya ɗare bayana. Ni na goya shi, ni na share masa majina, ni na saya masa makirfonsa na farko. Ni kuma na kawo shi wurin Manaja, mai situdiyon, na ce a gwada yaron nan yana da baki. Yana da shi kuwa, Allah ya ba shi.

Ranar wata Litinin da safe Manaja ya shigo ɗakina yana juya makullin mota a yatsa, ya ajiye mini filashi mai ɗauke da waƙa a kan tebur.

"Sabuwar Tsawa ce," ya ce. "Wannan ba sai kin wahala ba, Almakashi. Yaronki ya yi hankali, ko ashar ɗaya babu. Ki daidaita sauti kawai. Jibi da hantsi mutumin rediyo zai zo ya saurara."

Na sa hedifon, na kunna. Sunan waƙar "Roƙe Ni". Kiɗan ya yi daɗi, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Sai Auta ya shigo:

"Na sauke ta a titi kamar tayar da ta sude,
sabuwa na jira, ƙofar mota a buɗe.
Mace in ka ɗaga ta sai ta manta ƙasa,
sake ta ka gani, za ta zo da gwiwa ƙasa."

Na taɓe baki, na ce an fara. Na saba da wannan. Abin da ban saba da shi ba shi ne amshin. Babu mai rerawa. Muryar mace ce kawai, irin ta saƙon waya, tana rawa: "Don Allah ka ɗauka. Ina roƙonka, ka zo. Ban san yadda zan yi ba." An maimaita ta sau huɗu, an sa mata amsa-kuwwa, kowane ƙarshe maza su kwashe da dariya su ce, "Roƙe ni!"

Shayin da ke hannuna ban san lokacin da na ajiye shi ba. Na san muryar nan kamar yunwar cikina. Tsohuwar matar Auta ce, uwar 'yarsa. Shekara uku ke nan da rabuwarsu. Yarinyar an haife ta 'yar mitsitsiya, shi ya sa muke ce mata Ɗigo, uwar kuma Maman Ɗigo. Duk wanda ya taɓa gaisawa da ita sau biyu zai gane ta, domin tana da wata 'yar dishewa da ba kowa ke da ita ba. Ke nan jibi za a miƙa ta ga rediyo, masu tasi da masu aski su yi ta kwaikwayon roƙonta.

Wanda bai san aikinmu ba yana zaton in an yanke sauti a kwamfuta ya tafi ke nan. Ba haka ba ne. Kamar kalmasa bakin zane ne, abin yana nan a naɗe, in ka ja gefen sai ya warware. Mai Kiɗa, wanda ya haɗa waƙar, malalaci ne na bugawa a jarida, bai taɓa rufe aikinsa yadda ya kamata ba. Na ɗora linzamin kwamfuta a bakin guntun muryar, na ja dama. Daƙiƙa shida suka sa a waƙa. Saƙon kuwa daƙiƙa hamsin da biyu ne.

"Ban san yadda zan yi ba. Ɗigo ce, numfashinta ya sarƙe tun muna gida, leɓenta ya canza launi. Muna asibiti. Sun ce za su sa mata iska su kwantar da ita, sun ce uban ya zo ya sa hannu. Na kira ka sau bakwai. Ba maganarmu ba ce, wallahi ba maganarmu ba ce, ka manta da faɗan, yarinyar ce. Ji ta, don Allah ji ta."

Daga nan ta kai wayar bakin yarinyar. Wani numfashi ne mai ƙara, ana jan sa da ƙyar, ana sakin sa da ƙyar. Sai muryar nas daga nesa, "Ina uwar yarinyar nan?" Saƙon ya yanke.

Ranar nan ba sai an ba ni labari ba. Wata azahar ce, sun yi faɗa da Auta sati biyu kafin nan, ta koma gidansu. Shi yana wani gari wajen wasa. Da ta gaji da kiransa ni ta kira, na bar aiki na ruga da silifa, ni na sa hannu a takardar. Kwana biyu muka yi a tsaye. Auta ya dawo rana ta huɗu, ya tarar da Ɗigo zaune tana cin biskit. Mahaifiyarmu ta ce kar a tayar masa da hankali, aka ce masa 'yar mura ce. Haka muke yi masa tun yana ƙarami, mu share masa hanya ya wuce, sannan mu zauna muna mamakin yadda bai san ƙaya ba.

Na leƙa ɗakin Mai Kiɗa, na tarar da shi ya ɗora ƙafa a kan tebur.

"Kai, muryar nan ta amshi daga ina?"

"Tsawa ne ya turo, Anti. Ya ce in ɗauki farkon kawai."

"Ka saurari sauran?"

Ya yi dariya. "Haba Anti, saƙon mace ne fa. Ai duk kuka ne."

Na ce Allah ya shirye ka, na ja masa ƙofa da ƙarfi har hoton da ke bango ya karkace. Na kira Auta.

"Yaya, fasaha ce, ba za ki gane ba," ya ce, ina jin hayaniyar abokansa a baya. "Ba sunanta a ciki. Kuma ai ita ta turo, ba sata na yi ba."

"Ka saurari saƙon har ƙarshe?"

"Na san abin da ke ciki. Ke dai ki gyara mini sauti." Ya kashe.

Ni Auta zai kashe wa waya! Raina ya ɓaci. Nan take na shirya abin da zan yi. Jibi, gaban Manaja da mutumin rediyo da 'yan kanzaginsa, zan saki saƙon nan gaba ɗaya a manyan sifikoki, su ji abin da suke wa dariya. Har na fara jin daɗin yadda fuskokinsu za su koma.

Washegari da rana na tafi wurin Maman Ɗigo in ba ta albishir. A shagon tabarau take aiki, wani siririn shago mai madubai a kowane bango. Na same ta da ɗan ƙaramin sukundireba tana ɗaure wa wani tsoho hannun gilashinsa. Ta gama, ta goge, ta ɗora masa a hanci, ta tambaye shi ko yana matsa masa kunne. Sai da ya fita sannan ta juyo.

"Yaya, yau ke ce a shagonmu? Ko idon ne ya fara?"

"Idona ƙalau. Zauna ki ji wani abu."

Na sa mata hedifon, na kunna mata waƙar a wayata. Ina kallon fuskarta. Na zo da hankici a jaka don na san za a yi kuka, amma ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ta saurara har ƙarshe, ta cire, ta naɗe wayar hedifon a hankali ta miƙo mini.

"Kiɗan ya yi daɗi," ta ce.

"Bar shi da ni, ƙanwata. Sauran saƙon yana hannuna. Gobe zan sake shi duka a gabansu, su ji numfashin yarinyar nan, in ga wanda zai ƙara dariya."

"A'a."

Na zaci ban ji daidai ba. "Me kika ce?"

"Na ce a'a, Yaya. Shi ya ɗauki daƙiƙa shida ya yi waƙa, ke za ki ɗauki hamsin da biyu ki yi wa'azi. Ni fa? Wa ya tambaye ni a cikinku? Ranar da ta fi kowace muni a rayuwata ce, ba ta nuni ba ce. Ba na son dariyarsu, tausayinsu ma ba na so. 'Yata ta girma ta ji ana cewa ita ce mai numfashin nan?"

Ni da ba a taɓa ƙure ni da magana ba, yarinyar da na girme wa shekara goma ta ƙure ni a tsakiyar madubai, ko'ina na juya fuskata nake gani. Na ji kunya, kuma na ji haushin jin kunyar. Amma gaskiya ta faɗa.

"Mutum ɗaya na aika wa saƙon nan," ta ce. "Shi kaɗai ke da ikon jin sa. Ko ke ba ki da shi, don dai kin riga kin ji ne."

"To me kike so in yi?"

Ta yago takarda daga littafin rasit, ta juya bayanta, ta rubuta layi biyu: ba ta yarda a sa muryarta a kowace waƙa ba, rabi ko duka. Ta sa hannu, ta sa kwanan wata.

"Ba ku ne masu cewa sai da takardar amincewa ake sa muryar mutum ba? Ga tawa ta rashin amincewa." Ta kalle ni. "Za su kore ki, ko?"

"Su kora mana. Da hannuna na zo, da shi zan tafi."

Wata mata ta shigo da yaro mai jan ido, Maman Ɗigo ta koma bakin aikinta. Na fito ban ko sha ruwan da ta ajiye mini ba.

Ranar Laraba da hantsi ɗakin sauraro ya cika. Manaja a kujerarsa mai juyawa, mutumin rediyo a gefensa da ɗan littafi a cinya, Mai Kiɗa a jikin ƙofa. Auta ya baje a doguwar kujera, sarƙa uku a wuya, baƙin gilashi a cikin ɗaki kamar mai ciwon ido. 'Yan kanzaginsa huɗu sun jeru a bayansa, irin waɗanda in ya yi atishawa za su ce baiti ne.

Na kunna. Baitin farko ya shiga, kawuna suka fara kaɗawa, mutumin rediyo yana buga biro a gwiwa. Aka zo wurin amshi, 'yan kanzagi suka ɗaga hannu suna shirin cewa "Roƙe ni!" Sai kiɗa kawai. Ganga tana tafiya, babu kowa a kanta. Ɗaya daga cikinsu ya riga ya saki "Roƙe" shi kaɗai, ya haɗiye sauran.

"Almakashi, me ya samu fayil ɗin?" in ji Manaja.

"Lafiyarsa ƙalau. Mai muryar ce ta karɓi abarta."

Na ciro takardar, ban ba Manaja ba, mutumin rediyo na miƙa wa. Ya karanta, ya juya ya ga rasit ɗin shagon tabarau, ya sake juyowa. Ya rufe littafinsa.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Manaja, "in haka ne ni kam ba zan iya sakawa ba. Ba na son rigimar kotu."

Auta ya miƙe zaune, ya cire gilashin. "Yaya, wurinta kika je? Ni za ki tozarta gaban mutane? Wa ya sa ki?"

"Wa ya sa ni goya ka? Zo nan."

"Ba inda zan zo. Saƙon yana wayata. Rediyo ta ƙi, intanet ba ta da mai gadi. Yau ɗin nan zan saki waƙar."

"Na ji. Ka sake ta. Amma kafin ka sayar da kaya ai ka buɗe ka ga abin da ke cikin buhun. Daƙiƙa hamsin da biyu ne kacal. Ko Tsawa guda yana tsoron saƙon mace?"

'Yan kanzagi suka yi "Kai!" ƙasa-ƙasa. Na san ƙanena, in kana so ya shiga wuta ce masa ba zai iya ba. Ya taso yana taku ɗaiɗai, ya zauna a kujerata. Na kashe manyan sifikokin da hannuna, na duba sau biyu, sannan na ɗora masa hedifon.

"A sa mu ji mana!" in ji ɗaya daga baya.

"Kai aka aika wa?" na ce.

Na danna. Mu ba abin da muke ji sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Layin yana tafiya a kan allo. Daƙiƙa shidan farko Auta yana murmushi, har yana kaɗa kai, ya haddace su. Layin ya wuce inda suka yanke. Murmushin ya tsaya a inda yake, kamar an manta da shi a fuskar. Wajen daƙiƙa ta ashirin ya ɗago ya kalle ni, na kau da kai. Da aka zo wurin numfashin, ya sa hannu biyu ya danne hedifon a kunnuwansa. Ashe da gaske bai taɓa ji ba. Shekara uku saƙon yana wayarsa, ya ji farkon ya cusa a aljihu ya hau dandamali, kuma tun ranar yake ba abokansa labarin yadda ta roƙe shi.

Layin ya kai ƙarshe. Bai cire hedifon ba.

"To an gama wasan kwaikwayon?" Manaja ya buga tebur. "Almakashi, mayar da amshin nan yanzu. Duk daɗin waƙar a nan yake. Rediyon wani gari za ta saka."

"Ba zan mayar ba."

"Ke ce mai situdiyon ko ni?"

"Kai ne. Hannun kuma nawa ne. Shekara tara ina cire muku zagin uwa, ina bar muku zagin 'ya'yanta mata, don ba ya cikin takarda. Na daina. Baitocin ma ku nemi mai wanke muku."

"To ki tattara naki ya naki."

Dama ban jira ya faɗa ba. Na ɗauki filas ɗin shayina, na zare matashin da nake jingina da shi daga bayan Auta, na cusa a jaka. Ba zan ɓoye ba, ban san inda zan nufa gobe ba. Amma ko rantsuwa aka ce in yi, ban taɓa jin tsayina kamar na ranar ba.

Auta ya zare hedifon a hankali. Muryarsa ta koma ta gida.

"Yaya, saƙon ya yanke. Me ya faru bayan nan?"

"Bayan nan ni na je."

Ya sunkuyar da kai. "An ce mini mura ce."

"An ce maka. Ita kuma ta faɗa maka gaskiya tun kafin kowa, a kunnenka."

Guntun muryar yana nan a kan allo. Na ɗora linzami a kansa har ya yi shuɗi, na janye hannuna. Manaja yana ta faɗa, yana kiran asara, yana cewa Mai Kiɗa ya zo ya karɓi kujerar. Auta ya miƙa yatsa ya goge. Ya juya wurin Mai Kiɗa.

"Na wurinka ma. Yanzu, ina kallo."

"Tsawa, ka yi tunani," in ji Manaja.

"Na ce yanzu."

Na karɓi hedifon ɗina, don nawa ne, na rataya jaka na fita. Ina tsakiyar matakala na ji takunsa a baya, sarƙoƙin suna ƙara. Ya tsaya a sama riƙe da waya.

"Yaya. In kira ta?"

"Kira mana."

"In ba ta ɗauka ba fa?"

"Ba za ta ɗauka ba, tana aiki. Ka bar mata saƙo." Na gyara jakar a kafaɗa. "Sai ka yi addu'a ta saurara har ƙarshe."